Baƙin Gilashin Labbo Mai Walda

Duk wanda ya san Malbaza a farkon shekarun dubu biyu ya san rumfar Labbo, ko da bai san sunan mai ita ba. Tana bakin kwalta, ƙarƙashin wani itacen dogon yaro da ya karkata gabas. Tun daga nesa, kafin a ga rumfar, ana hango wani shuɗin haske yana walƙiya tsakanin ƙafafun manyan motocin siminti da suka yi layi. Direbobi kan ce in ka iso ba ka ga hasken nan ba, to ko dai lokacin sallar Juma'a ne, ko an ɗauke wuta.

Labbo gajere ne, mai faɗin ƙirji. Wuyansa da damatsansa sun fi sauran jikinsa duhu, kuma fatar wurin ba ta rabuwa da saɓa. Ɗan maƙera ne daga wani ƙauye na Alela. Tun yana ƙarami yake zaune gaban zugazugi, yana kallon mahaifinsa, Takama maƙeri, yana ƙera fartanya da lauje. Tsohon yana yawan cewa wuta abu ce mai ladabi, kafin ta ƙone mutum sai ta sanar da shi: ka ji zafi a fuska, ka ja da baya. Da wannan karatu Labbo ya girma, bai taɓa tsoron wuta ba.

Shekarar da fari ya cinye gero, manoma suka daina kawo gyaran fartanya, sai ya ɗauki matarsa Barira suka sauka Konni. Yana da shekara talatin da ƴan kai a lokacin. Can ya shiga garejin wani mutumin Gusau mai suna Alamin, wanda ke da injin walda. Ranar farko Alamin ya miƙa masa wani ɗan kwali mai baƙin gilashi a tsakiya, ya ce ya tare fuska da shi. Labbo ya leƙa, bai ga komai ba sai duhu, ya ajiye. A ransa ya ce shi da ya tashi cikin maƙera, wane haske ne zai ba shi tsoro? Ya wuni yana kallon tartsatsi da ido tsirara. Bai ji zafi ba, bai ji komai ba. Ya koma gida yana ba Barira labarin yadda ƙarfe biyu ke zama ɗaya cikin ƙiftawar ido.

Kafin asuba ya farka kamar an zuba masa yashi cikin idanu. Hawaye na zuba, fatar idon ta kumbura, ko fitilar ƙwai bai iya kallo. Barira ta ruɗe, ta ɗauka jifa aka yi masa. Ta wuni tana jiƙa tsumma a randa tana ɗora masa. Da hantsi Alamin ya zo dubiya, ya tsaya bakin ƙofa yana dariya.

"Sannu, ɗan maƙera. Wagga wuta ba irin ta gidanku ba ce. Ba ta sallama, sai ta shiga ta zauna sannan ka sani."

Kwana biyu idon ya warke sarai, kamar ba a yi ba. Wannan saurin warkewa shi ne ya cuce shi. Daga ranar ya riƙe gilashi, amma sai in aiki mai tsawo ne. In ɗan ɗigawa ne kawai, a riƙe ƙarfe wuri ɗaya kafin a bi shi, sai ya kau da kai ko ya runtse ido, yadda ya ga kowa na yi. A shekara yakan yi ciwon idon sau uku ko huɗu. Barira ta saba, da ta ga ya shigo yana murza ido sai ta je ta jiƙa tsumma.

Bayan shekara shida ya sayi tsohon inji nasa na kansa, ya koma Malbaza inda motoci suke. Waɗannan su ne shekarun da mutanen garin ke tunawa da shi. Da safe Talatu mai shinkafa da wake takan kafa tukunyarta gefen rumfarsa, direbobin Agadas da na Damagaram da na Sakkwato su kewaye ta, kowa da irin Hausarsa. Ganyen dogon yaron kullum fari-fari yake da garin siminti. Wata ƴar rediyo tana rataye a jikin reshe, ba a kashe ta sai lokacin salla. Labbo na kwance ƙarƙashin tirela, ƙafafunsa kaɗai ake gani, amma duk hirar da ake yi da shi ake yin ta. In wani ya shara ƙarya sai a ji murya daga ƙarƙashin mota tana cewa, "Ƙara gishiri, bai ji ba." Ba motoci kaɗai yake gyarawa ba. Amalanken jakai, ƙofofin gida, gadon ƙarfe na amare, injin ban-ruwa na masu albasa, duk suna bi ta hannunsa. Bai iya karatun lakwal, wato boko, ba, amma in ya dubi karyayyen ƙarfe yakan faɗi abin da ya karya shi, lodi ne ko rami ko sakacin direba.

A shekarar dubu biyu da uku aka zo aka kafa dogon ƙarfen salula a wani fili bayan rumfarsa. Labbo ne ma aka ba aikin ƙofar shingen da ya kewaye shi. Garin ya yi murna, don a da sai mutum ya je Konni ya bi layi a gidan waya kafin ya yi magana da ɗansa da ke Kwatanu ko Legas. Amma murnar ba ta daɗe ba sai maganganu suka fara yawo. Wata ta ce tun da aka kafa shi kajinta suka rage ƙwai. Wani ya ce ciwon kai ba ya barinsa. Aka ce wani abu yana fitowa daga kan ƙarfen, ba a ganinsa, yana shiga jikin mutane.

Daidai wannan lokaci Labbo ya fara lura idonsa na dama ya yi hazo. Da farko ya ɗauka gilashin ne ya yi datti, ya goge, ya sake sabo. Daga baya fuskokin mutane suka fara dusashewa, hasken rana kuma ya riƙa tarwatsewa a idonsa kamar ana haska shi da madubi. Wata rana ya bi layin walda ya kauce da kusan faɗin yatsa, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Direban bai lura ba, amma Labbo ya goge ya sake, ya wuni bai yi wa kowa ba'a ba. Ga kuma wani tari da ya maƙale masa tun kaka.

Barira ba ta yi shakka ba.

"Malam, wanga ƙarfe ne. Shekara nawa kuna walda ido na warkewa? Sai yanzu da aka kafa shi bisa kanku. Ku ɗauke rumfar nan ku koma bakin tasha."

"In na tashi, inuwar fa? Ita ma in ɗauke ta?"

"Inuwa ta fi ido?"

Shi ma zuciyarsa ta fara karkata can. Yakan ɗaga kai ya dubi jar fitilar da ke kan ƙarfen, ya ji haushin cewa da hannunsa ya yi masa ƙofa.

Ɗiyarsu Muhsina ce ta raba gardamar. Tana aure a Badagishiri, mijinta malamin lakwal ne, ita ma ta yi karatu har koleji. Ta zo ganin gida da cikinta na wata biyar, ta ga mahaifinta yana laluben bakin buta kafin ya kama. Ba ta yi dogon zance ba. Washegari ta sa shi gaba suka shiga mota zuwa wata likita, wato asibiti, da ke da injin hoton ƙirji da mai duba ido.

Saboda tarin, wurin hoton aka fara tura su. Mai ɗaukar hoton wani dogon mutum ne mai suna Rabilu, ɗan kimanin shekara arba'in, mai magana a hankali. Ya dubi Muhsina sau ɗaya ya ce ta jira a waje, can nesa da ƙofa. Ta ce ita ce mai riƙe masa hannu. Ya ce ya sani, amma mai ciki ba ta shiga ɗakin nan. Ya tsayar da Labbo ya manna ƙirjinsa da wani faranti mai sanyi, ya ce ya ja numfashi ya riƙe. Sannan ya ja wata ƙofa mai nauyi da ƙyar, tana gurzar ƙasa, ya shige bayan wani bango mai ƴar taga. Aka ji ƙara kaɗan. Shi ke nan.

Labbo yana sa riga ya ce, "Likita, in tambaye ka. Mi kake gudu? Na ga ka kori ɗiyata, kai ma ka ɓoye, ni kuma kun bar ni tsaye. Ban ga wuta ba, ban ji zafi ba."

Rabilu ya yi murmushi. "Baba, akwai haske, ido ne ba ya ganinsa. Yana ratsa tsoka, ƙashi ya tare shi, shi ya sa ƙasusuwa ke fitowa fari a hoto. Ku sau ɗaya kuka tsaya, abin da ya taɓa ku kaɗan ne, amfaninsa ya fi. Ni kuwa mutum ashirin nake ɗauka a wuni. In na tsaya tare da kowa, abin taruwa zai yi a kaina shekara da shekaru. Ɗan da ke ciki kuma jikinsa yanzu ake gina shi, ba a son komai ya taɓa shi in ba dole."

Labbo ya tsaya da hannu ɗaya cikin riga. "Ashe sana'armu ɗaya," in ji shi. Ya ba shi labarin walda, da yashin da ke shiga ido kafin asuba. Rabilu ya saurara har ƙarshe, ya kama damtsen Labbo ya duba fatar da ke saɓa. Ya ce ai wannan ƙunar rana ce, sai dai ranar tana kan sandar walda, tazarar kamu ɗaya da jiki. A cikin shuɗin hasken nan akwai wani da ba a gani, irin wanda ke cikin hasken rana, shi ke ƙona fata da saman ƙwayar ido.

"To wancan ƙarfen salula fa? Uwar ɗiyan nan ta ce shi ya ci mini ido."

"Duk dangi ɗaya ne, Baba, da na rediyonku, da zafin garwashi, da na rana, da nawa na nan. Amma kun san gida ɗaya yakan fitar da mai sanyin hali da mai zafin kai. Na salula da na rediyo su ne masu sanyin, abin da ke isowa ƙasa daga kan ƙarfen nan bai da ƙarfin ƙona ido. Naku na walda ya fi shi faɗa nesa ba kusa ba. Nawa ya fi naku. Ku je mai duba ido ya gani, amma ni ban zargi ƙarfen ba."

Hoton ƙirji bai nuna mugun abu ba, aka ba shi magani, aka ce ya riƙa ɗaure hanci saboda hayaƙin walda. Mai duba ido kuma ya ce yanar ido ce ta rufe idon dama, ta fara taɓa na hagu. Ya ce shekaru na kawo ta, rana na ƙara ta, wanda kuma ya yi shekara ashirin gaban hasken walda bai kamata ya yi mamaki ba. Aka sa masa ranar aiki bayan wata biyu.

Za su fita Labbo ya ce wa Muhsina ta jira. Ya koma ɗakin hoto, ya durƙusa gindin ƙofar nan mai nauyi yana shafa ƙarfen da take juyawa a kai.

"Likita, mi aka sa cikin ƙofar nan take da nauyi haka?"

"Dalma ce. Ita ke tare hasken."

"To ƙarfen da ke riƙe ta ya gaji. Shi ya sa take gurzar ƙasa, kuma ba ta rufuwa ruf. In hasken naka irin nawa ne, ai ta ƴar kafar nan zai bi."

Ranar Lahadi ya dawo da injinsa a bayan wata mota. Shi da Rabilu da masu gadi biyu suka sauke ƙofar, ya yanke tsohon ƙarfen ya sa sabo mai kauri. A ranar, ko ɗigo ɗaya bai yi ba sai da gilashi a fuska, don Rabilu na tsaye a kansa. Da aka mayar da ƙofar, yatsa ɗaya ke tura ta. Tun daga nan suka ƙulla abota. Duk lokacin da Rabilu zai wuce Malbaza a kan babur sai ya tsaya rumfar, Talatu ta zuba masa shinkafa, su zauna suna gardama kan wanda aikinsa ya fi haɗari.

An yi aikin idon dama lafiya. Ranar da aka cire auduga, abin da Labbo ya fara gani shi ne zanen Barira. Ya ce, "Ashe akwai tsuntsaye a jikin zanen nan?" Ta ce shekara biyu ke nan tana ɗaura shi. Maganar ƙarfen salula dai ba ta sake tayar da ita ba, amma ba ta taɓa cewa ta yarda ba. In za ta kai masa abinci, hanyar da ta fi nisa da shingen take bi.

Ya koma aiki da wasu sababbin halaye. Ya sayi kwalkwalin walda mai rufe fuska duka a kasuwar Ilela ta Najeriya, yana sa riga mai dogon hannu ko da ana tsananin zafi. Ya kafa tsofaffin kwanonin rufi ya kewaye inda yake aiki, don masu cin abincin Talatu su daina kallon hasken. Direbobi suka yi ta tsokanarsa, wai ya shiga lalle. Ya ce su yi ta yi.

A cikin watan Maris na dubu biyu da shida rediyo ya fara sanar da cewa ranar Laraba za a yi husufin rana da hantsi, kuma kada kowa ya kalle ta da ido tsirara. Garin ya ɗauki zance. Wasu suka fara shafa wa fasassun kwalabe baƙin fitila. Ana saura kwana biyu Rabilu ya tsaya rumfar ransa a ɓace. Ya ce mutane sun dame shi da roƙon tsofaffin hotunan ƙirji, wai za su kalli rana ta cikinsu.

"Ba su tarewa, Baba. Duhu kawai suke yi, ido ya saki jiki ya buɗe, abin da ke ƙonawa ya shige. Kuma can cikin ido ba ya jin zafi, mutum ba zai sani ba sai daga baya. Wannan kuma ba ya warkewa kwana biyu awa naku."

"Nawa gilashin fa?"

Rabilu ya ɗauki ɗaya ya duba lambar da ke gefensa. Ya ce guda ɗaya irin wannan bai isa ba, amma in aka haɗa biyu, ɗaya bisa ɗaya, sun isa, a kalla kaɗan a sauke.

Labbo yana da gilashi takwas cikin wani gwangwani, har da sababbin da yake ajiya. Ya ajiye aikin da ke gabansa, ya wuni yana yanka kwali, ya haɗa su bibbiyu ya ɗaure da zaren roba, suka zama huɗu. Ranar Talata bayan la'asar ya sami Liman a ƙofar masallaci ya gaya masa abin da Rabilu ya ce. Liman ya sanar bayan magariba: gobe za a yi sallar husufi, kada a kalli rana da kwalba ko hoton likita, wanda ya matsu sai ya gani ya je rumfar Labbo.

Da hantsin Laraba haske ya fara canzawa. Ba duhu ba ne irin na hadari, wani irin fari ne marar ƙarfi, kamar rana ta yi rashin lafiya. Zafi ya sauka, iska mai sanyi ta taso. Kaji suka nufi akurki, jakunan amalanke suka tsaya cik. Ƙarƙashin dogon yaron, ɗigon hasken da ke ratsa ganye duk suka koma kamar ƙananan lauje a kan ƙasa, Talatu ta gani ta saki ludayi tana salati. Daga masallaci ana jin kabbara. Labbo ya yi niyyar zuwa sallar, amma da ya ga layin da ya taru gaban rumfarsa, ya san in ya tafi wani zai kwance gilasan ɗai-ɗai don su ishi mutane da yawa. Sai ya tsaya. Yana miƙawa yana karɓa, yana ƙirga wa kowa har biyar. Direbobi, ma'aikatan kamfanin siminti da fararen gira, matan da suka fito cefane, wani jandarma da ya sauka daga mota ya bi layi kamar kowa. Duk wanda ya leƙa sai ya ce "Allahu akbar" ya miƙo wa Labbo.

Can ya hango Barira tsaye gefe da kwanon fura, ta ja mayafi ta rufe fuska, kanta a sunkuye. Ya karɓi gilashi ɗaya daga hannun wani ya nufe ta.

"Karɓi ki gani."

"A'a, Malam. Ni ba ni kallon abin da Allah ya rufe."

"Ai bai rufe duka ba, ya bar kaɗan. Karɓi."

Ta ajiye kwanon, ta karɓa da hannu biyu. Ya gyara mata shi a fuska, ya ɗaga mata haɓa. Ya ƙirga biyar, ya ƙirga wata biyar, ba ta sauke ba.

"Awa jinjirin wata," in ji ta a hankali. "Kore. Komai baƙi ne sai ita kaɗai." Ta sauke gilashin ta dube shi. "Haka kuke gani in kuna aiki?"

"Haka. Ɗan wurin da wuta take kawai."

"Shekara ashirin da biyu?"

"Da ɗoriya."

Ta juya kwalin a hannunta, ta goge shi da bakin mayafi, ta mayar masa. Tun da ya fara walda take wanke rigunansa masu hujin tartsatsi, take jiƙa masa tsumma, amma ba ta taɓa leƙa cikin gilashin ba sai ranar. Shi kansa Labbo sai da rana ta fara dawowa sannan ya samu ya leƙa sau ɗaya, da idon da aka gyara.

Bayan kwana uku Rabilu ya biyo. Ya ce an kawo musu mutum biyu daga wani ƙauye da suka kalla ta cikin kwalba, kowanne yana ganin baƙin ɗigo a tsakiyar duk abin da ya duba. Daga Malbaza kuwa bai ga kowa ba. Labbo ya kwance zaren robar ya mayar da gilasansa cikin gwangwani.

Ya ƙara shekara biyu yana aiki. Idon hagu ya rufe a hankali, Muhsina ta yi ta fama da shi ya je a yi masa aiki, yana cewa bayan kaka, bayan salla, bayan an gama motar wane. A ƙarshe abin da ya tsayar da shi ba ido ba ne, gwiwa ce da baya, shiga ƙarƙashin tirela ya gagare shi. A dubu biyu da takwas ya sayar da injin ga wani magidanci ɗan Dogarawa da ya daɗe yana nema. Ya ba shi kwalkwalin kyauta, ya ce sharaɗin cinikin ke nan, ya sa shi ko da ɗigo ɗaya zai yi. An canza wa Rabilu wurin aiki zuwa Tawa a shekarar, suka koma gaisawa ta salula, wadda Muhsina ta saya wa mahaifinta. Barira ce ke riƙe ta a ƙullin zane, ita ke danna masa.

Suka koma Badagishiri kusa da ɗiyarsu. Surukinsa yana da ɗan lambu a cikin kwari, Labbo ya karɓi kula da shi, yana dasa albasa da tumatir da rani. Da farko hannunsa bai saba da abu mai laushi ba, yakan karya dashe wajen tura shi ƙasa. A hankali ya koya. Sai a damina ta biyu ya yarda aka kai shi aka gyara idon hagu, shi ma don jikarsa ta fara lakwal ne yana son ya ga abin da take rubutawa a allo, ko da bai iya karantawa ba.

Wata ranar kasuwa, yana dawowa daga lambu da hular kaba a kai, ya tarar da amalanke tsaye bakin hanya, an sauke buhunan wake, mai shi yana tsugune yana duba ƙasa. Labbo ya yi sallama ya tambayi abin da ya faru. Mutumin, wani Bafillace mai furfura, ya ce ƙarfe ne ya tsage kusa da ƙafa. Labbo ya ajiye kwandonsa, ya durƙusa da ƙyar, ya zura hannu ƙarƙashi. Ya sami tsagar. Sannan babban yatsansa ya ci gaba da bin ƙarfen, ya faɗa kan wata tsohuwar walda, ya tsaya. Ya sake bin ta daga farko zuwa ƙarshe, a hankali.

"Wanga amalanke ya taɓa zuwa Malbaza?"

"Ya taɓa. Yayana ya kai shi, an fi shekara goma. Gatarin ne, ƙarfen da ke riƙe ƙafafun, ya rabu biyu a lokacin."

"To ba nan ya tsage ba. Gaba da wurin ne, inda ba a taɓa ba."

"Ai wancan gyaran ko guduma ba ta fasa shi," in ji mutumin. "An ce wani gajere ne mai baƙar magana ya yi. Ban sani ba ko yana da rai."

"Yana nan," in ji Labbo. "Ya tsufa dai."

Ya nuna masa yadda zai ɗaure wurin da itace da igiya ya lallaɓa har cikin gari, ya kwatanta masa rumfar mai walda da ke bayan ƴan tumatir, ya ce ya gaya masa ya goge tsatsar sosai kafin ya ɗora wuta. Ya taya shi mayar da buhu biyu, sauran ya ce a bar su nan zai zauna ya tsare. Mutumin ya kora jakinsa. Labbo ya zauna kan buhun wake a inuwar wata bagaruwa, ya ciro albasa ɗaya daga kwando yana ɓare mata bawo, har mai amalanken ya dawo bayan azahar.